Babi na 6: Faɗa-wuta biyu a kan buhu ɗaya

Duk wanda ya taɓa shiga siton hatsi a Kasuwar Nima ta Akra da yammacin Laraba, bayan 'yan dako sun gama jibge masarar Tachiman da geron Bawku da gyaɗar Tamale, ya san waɗannan ƙwari. Ƙanana ne, tsawon kowanne bai wuce santimita 1 ba. Da rana suna lafe a jikin bango ko a bakin ɗinkin buhu, fukafukai a naɗe, sai ka ɗauka ƙaiƙayi ne. Magariba na kawo jiki sai su tashi, su yi ta shawagi ƙasa-ƙasa tsakanin buhuna. Su kansu ba sa cin hatsi, kwanakinsu ma a duniya ba su fi mako ɗaya zuwa biyu ba. Ɓarnar ta 'ya'yansu ce. Mace ɗaya kan zuba ƙwai ɗari biyu ko fiye, tsutsa ta ƙyanƙyashe ta kutsa cikin kaya tana ci tana sakin zare, har ƙwayoyin hatsi su cure wuri ɗaya da kashinta. Mai koko za ta tura hannu cikin buhu, ta ɗago ta ga zare na bin yatsunta, ta ce, "Alhaji, geron nan ya yi saƙa." Daga nan farashin mudun olonka ya faɗi ke nan.

In ka kama biyu-uku ka duba su a ƙarƙashin fitila, za ka ga ba iri ɗaya ba ne. Akwai wanda fiffikensa ya rabu gida biyu, wajen kafaɗa fari-fari, sauran kuma ja mai ƙyallin tagulla. Masana na ce masa Plodia interpunctella. Akwai kuma mai ruwan toka gaba ɗaya, Cadra cautella, wanda ke addabar dabino da gyaɗa, kuma shi ne tsohon abokin gabar masu ajiyar koko a manyan rumbunan Tema da Takoradi. Abinci ɗaya suke ci, ɗaki ɗaya suke kwana, lokacin tashinsu kusan ɗaya, kuma a duhu suke neman aure, inda jan fiffike ba ya amfanar kowa. Amma ba ka samun ruwa-biyu a tsakaninsu. Mai ja yana haifar mai ja, mai toka yana haifar mai toka. Tambayar wannan babi ita ce, me ke raba su?

Wanda ya fara sa ido sosai a kan lamarin wani malamin makaranta ne Bafaranshe, Jean-Henri Fabre. Wata safiya a watan Mayu, wata ƙatuwar faɗa-wuta mace ta fito daga kwansonta a ɗakin bincikensa, sai ya kife ta da murfin raga. Da dare ya yi, maza wajen 40 suka cika gidan. Cikin darare 8 ya ƙirga kusan 150, alhali a unguwar da wuya a ga ko ɗaya. Ya sa ta cikin akwati mai huji, suka zo. Ya rufe ta ruf yadda iska ba ta fita, babu wanda ya leƙo. Daga baya, da wani irin daban, ya kife macen da gilashi a fili inda kowa zai gan ta, sai mazan suka wuce ta suka tafi kan abin da ta kwana a kai, suna ta karkaɗa fukafukai. Ido bai yi musu jagora ba, wari ne. Sai dai wari ne da hancin Fabre bai taɓa jin ko ɗigonsa ba.

An ɗauki shekaru da dama kafin a riƙe abin a hannu. Adolf Butenandt, Bajamushen da ya ci kyautar Nobel a 1939, ya shafe kimanin shekaru 20 yana bin sawun sinadarin a jikin faɗa-wutar siliki. Shi da abokan aikinsa sun yanke ƙarshen cikin mata kusan 500,000, suka tace, suka sake tacewa, abin da ya rage musu bai fi miligiram 12 ba. A 1959 suka bayyana tsarinsa, suka raɗa masa suna bombikol. A shekarar ce kuma Peter Karlson da Martin Lüscher suka ba irin waɗannan sinadarai sunan feromon, wato abin da halitta ke saki don ya isar da saƙo ga ɗan'uwanta.

Ga yadda abin ke gudana a kan buhu. Idan lokaci ya yi, macen kan tsaya cik, ta ɗan buɗe fukafukai, ta lanƙwaso ƙarshen cikinta sama, ta turo wata 'yar tsoka mai laima. Masana na cewa tana kira. Abin da ke fita daga tsokar kaɗan ne ƙwarai, ana auna shi da kashi ɗaya cikin biliyan na giram. Shi kuwa namijin, ƙahonnin nan biyu da ke kansa su ne hancinsa. A jikinsu akwai dubban ƙananan gasu masu huji, kowanne da jijiya a ciki, kuma jijiyoyi da yawa ba su da wani aiki sai jiran sinadari guda. A 1970 Karl-Ernst Kaissling da Ernst Priesner sun nuna cewa a faɗa-wutar siliki ƙwayar sinadari ɗaya tak ta isa ta sa jijiya ta harba saƙo. Ban san wani hanci da ya wuce wannan ba, don babu abin da ya fi ɗaya ƙanƙanta.

Kuma ba wai yana bin inda warin ya fi ƙarfi ba ne, kamar yadda mutane da yawa ke zato. Iska ba ta ɗaukar wari a miƙe, tana yayyaga shi ne zare-zare, da gurabe a tsakani. Da namijin ya ci karo da zare ɗaya, sai ya fuskanci iska ya danna gaba. Da ya rasa, sai ya shiga kai-komo hagu da dama, yana faɗaɗa zagayen, har ya sake tsinkayar wani zaren. Yana yanke wannan shawara cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya, sau da yawa a jere, yana kallon ƙasa don ya san ina iska ke tura shi. Wannan karkace-karkacen da muke gani a sito, wanda ke kama da ruɗewa, aiki ne mai ƙa'ida.

Da aka samu bombikol, an ɗauka lissafin ya ƙare: kowane iri da sinadarinsa. Ƙwarin sitonmu na cikin waɗanda suka rushe wannan zato. A 1971 masu bincike a Japan da Amurka, kowanne a gefensa, suka gano cewa babban sinadarin kiran mai jan fiffike da na mai ruwan toka abu ɗaya ne sak. Sarƙa ce mai kabon 14, wadda ake taƙaita sunanta da ZETA. Da aka ci gaba da bincike a sauran dangi sai aka ga haka abin yake ko'ina. Kusan kashi uku cikin huɗu na faɗa-wutar da aka bincika suna ƙera kiransu ne daga 'yan sinadarai masu kama da juna, sarƙoƙin mai masu kabon 10 zuwa 18, bambancinsu tsawo ne, da wurin da sarƙar ta lanƙwashe, da abin da ke maƙale a ƙarshenta. Wani abin mamaki ma, a 1996 an gano cewa giwar Asiya mace, idan ta shirya karɓar namiji, tana fitar da wani sinadari a fitsarinta wanda faɗa-wuta iri fiye da 100 ke amfani da shi.

To idan kayan haɗin ɗaya ne, ina bambancin? Yana cikin awo. Masu sayar da yaji a Nima duk citta da kanumfari da masoro da barkono suke dakawa, amma uwargida ta san na wace Hajiya take nema da ta kai shi hanci, domin hannun kowa daban. Macen mai ruwan toka tana ƙara wa ZETA ɗan wani sinadari ɗan'uwansa. Macen mai jan fiffike kuma tana ƙara nata, ciki har da wani mai ƙarshen alkohol. A 1974 aka tabbatar da aikin wannan na ƙarshen, kuma a ganina nan ne zuciyar maganar: idan namijin mai ruwan toka ya shaƙe shi tare da ZETA, sai ya fasa. A ƙahonsa akwai jijiyoyin da aikinsu shi ne gane abin da macen wani iri ke fitarwa, don su taka masa birki. Wato kiran mace ɗaya yana aiki biyu a lokaci guda, yana janyo nata yana korar na maƙwabta. Kuma ɗan ƙaramin ƙarin nan, wanda a ma'auni bai taka kara ya karya ba, shi ke riƙe da iyakar.

Shingen ba ya tsayawa daidai ta kowane ɓangare. Namijin mai jan fiffike yakan ruɗu ya isa wurin macen mai ruwan toka. A nan sai ƙofa ta biyu ta yi aiki. Shi ma namiji yana da nasa ƙamshin, a wasu 'yan jakunkuna da ke gindin fiffikensa, kuma kowane iri da yadda yake tunkarar mace: ta ina zai ɓullo, yaya zai kaɗa fiffike, yaushe zai juyo da ciki. In ƙamshin da takun ba su yi mata daidai ba, sai ta kauce ko ta tashi. Zaɓin ƙarshe a hannunta yake, kuma tana da dalili. Namiji in ya yi kuskure ya yi asarar dare ɗaya. Mace in ta yi kuskure tana iya asarar ƙwanta duka.

Inda aka fi ganin ƙarfin awo shi ne a wata tsutsar karan masara ta Turai, Ostrinia nubilalis, wadda aka fara gani a Amurka wajen 1917. A jihar New York, Wendell Roelofs da abokan aikinsa na jami'ar Cornell sun yi shekaru suna nazarin kashi biyu na wannan ƙwaro, waɗanda ido ba ya iya rabawa. Matan duka biyun sinadarai biyu suke haɗawa, kuma sinadaran ma tsarinsu ɗaya, sai dai ɗaya ya lanƙwasa ta nan, ɗaya ta can. Kashi na farko na haɗa 97 da 3. Kashi na biyu ya juya lissafin, 1 da 99. A gona ɗaya suke, amma da wuya su auri juna. In aka tilasta musu a ɗakin gwaji sukan haihu, 'ya'yansu mata kuma su fitar da awo na tsakiya, kamar 35 da 65. A 2010 masana a jami'ar Lund ta Suwidin suka gano cewa ƙwayar gado ɗaya ce ke juya awon a jikin mace. A 2021 aka gano wadda ke sa namiji ya fi son wannan awon a kan wancan, kuma ba wuri ɗaya take da ta macen ba.

Wannan ya ta da wata tambaya mai wuya. Idan gadon kira daban, gadon amsawa daban, ta yaya sabon kira zai taɓa kafuwa? Macen da ta zo da sabon awo ai ba ta da mai amsa mata. Amsar, gwargwadon abin da aka gani, tana wurin maza. Ba dukansu ne masu tsauri ba. A cikin mazan tsutsar Turai akwai 'yan ƙalilan da ke amsa kiran 'yar'uwarta ta Asiya, wadda sinadarinta ya bambanta. A jami'ar Kentucky kuma, wajen 1990, Kenneth Haynes ya ci karo da wasu matan faɗa-wutar kabeji da aka haifa da gurɓataccen awo. Da farko maza ba su cika kula su ba. Bayan zuriya 49 ana kiwonsu tare, mazan suka koma amsa sabon kiran kamar yadda suke amsa tsohon. Haka iyaka ke matsawa a hankali, har wata rana kashi biyu su wayi gari ba sa jin juna.

Wannan ilimi yana da amfani ga mai sito, kuma ina so a ji shi a Zango. Abin da aka fi dogara da shi yau shi ne ƙwayar nan ta aluminiyam fosfaid da ake jefawa cikin buhu. Tana aiki, amma iskar da take saki guba ce mai kisa, kuma a Nima da Mamobi sau da yawa bango ɗaya ne tsakanin ɗakin ajiya da ɗakin kwana, wani lokaci ma ɗakin ɗaya ne. A watan Afrilun 2018 yara uku 'yan gida ɗaya sun rasu a Akra bayan an sa irin wannan ƙwaya a ɗaki don kashe ƙwari. Tarkon feromon ba guba ba ne. Kwali ne mai danƙo a ciki, da ɗan guntun roba da aka jiƙa da ZETA, a rataye shi sama da buhuna. Tun da babban sinadarin ɗaya ne, koto ɗaya kan janyo mazan iri biyun. Sai dai a fahimci iyakarsa. Maza kaɗai yake kamawa, kuma namiji ɗaya da ya tsira ya isa mata da dama. Ba ya kiran ƙwaron wake, ba ya kiran masu huda masara, don su ba faɗa-wuta ba ne. Aikinsa shi ne ya gaya maka yaushe ƙwarin suka fara yawa da kuma ta wace kusurwa, tun kafin saƙa ta bayyana, don ka fitar da kaya ka shanya, ka share sito, ka juye abin da zai daɗe cikin buhu mai leda biyu a ciki wanda iska ba ta shiga.

Akwai dabara ta biyu da ta fi wannan zurfi: a cika iskar wuri da sinadarin har namiji ya kasa gane ina macen gaske take. An fara sayar da irin wannan a Amurka a 1978 don tsutsar auduga, yau kuma ana yi a gonakin tuffa da inabi, da ma wasu masana'antun abinci na Turai. Amma Japan ta koya wa kowa darasi. A gonakin shayin Shizuoka an yi ta amfani da sinadari ɗaya kawai daga cikin haɗin wani faɗa-wuta tun farkon shekarun 1980. Bayan shekaru goma sha wani abu, dabarar ta daina ci. Sai da aka koma ga cikakken haɗin sannan ta dawo aiki.

A yankinmu ma an yi aiki mai kyau. A cibiyar ICRISAT da ke Sadore kusa da Yamai, a shekarun 1990, Ousmane Youm tare da masanan Ingila sun gano haɗin sinadarai 3 na tsutsar karan gero, suka kuma gwada tarkon da manomi zai iya haɗawa da tire da ruwa da ɗan mai. A kan tsutsar furen wake, Maruca vitrata, an samu koto mai awon 100 da 5 da 5 wanda ya kama maza a Binin da Gana. Da aka kai shi Taiwan da Tailan, mazan can ba su ko waiwaye shi ba, alhali a littafi sunansu ɗaya da namu.

Babban gwaji ya zo da tsutsar masarar nan baƙuwa, Spodoptera frugiperda. 'Yar nahiyar Amurka ce. A farkon 2016 aka fara ganinta a Najeriya, Georg Goergen na cibiyar IITA da abokan aikinsa suka tabbatar da ita a Najeriya da Binin da Togo da Sao Tome, kafin shekarar ta ƙare ta shiga Gana, a 2017 kuma ta game gonakin ƙasar. Ana gane tsutsar da alama mai kama da harafin Y a kife a goshinta, da ɗigo 4 a jere murabba'i kusa da wutsiya. Uwar tana iya tafiyar kilomita 100 a dare ɗaya in iska ta taimaka, don haka sanin ranar da ta iso gona ya fi komai muhimmanci, tun tsutsa ba ta shige cikin kunnen masara inda feshi ba ya kai mata ba. Sai aka shigo da tarkuna masu bokiti da mazurari, da koton da aka haɗa a ƙasashen waje, aka rarraba wa malaman gona.

Ita ma wannan baƙuwa kashi biyu ce a ƙasarta, ta masara da ta shinkafa, kuma abin da ya fi raba su lokaci ne: ta masara na kira da farkon dare, ta shinkafa sai dare ya raba. Babban sinadarinta kuwa ba nata ba ne ita kaɗai, tsutsar gona ta Afirka da muka sani tun da can ma tana da shi. Abin da ke sa namijin baƙuwar ya taso shi ne ɗan ƙarin da ke tafe da shi, wanda bai wuce kashi kaɗan cikin ɗari ba, kuma shi ne sinadarin nan na giwar Asiya. Wani bincike da aka buga a 2020 kan ƙwarin Binin da Najeriya ya nuna mazan nan sun fi jin wannan ɗan ƙarin da sauri, har ya isa a rage yawansa a koto.

A Togo kuwa, a wani gwaji da aka buga sakamakonsa a 2019, koto mai sinadarai 3 ya kama baƙuwar da yawa, amma ya cika bokiti da wani faɗa-wuta ɗan gida, Leucania loreyi. Dalilin a fili yake. Wannan ɗan gida da irin sinadaran yake kiran nasa, awo ne kawai ya bambanta, kuma babu shi a Amurka inda aka daidaita koton. Ƙwarin biyu ba su taɓa haɗa gona ba sai daga 2016, robar da ke cikin tarko kuma ba ta da ƙofa ta biyu da za ta kori wanda ya zo bisa kuskure. Saboda haka malamin gonan da ya ƙirga duk abin da ya tarar a bokiti zai kai rahoton da ya zarce gaskiya, manomi ya sayi maganin da bai kamata ya saya ba a ranar da bai kamata ba. Dole ya juye bokitin a kan farar takarda ya ware su ɗaya bayan ɗaya. Namijin baƙuwar fiffikensa na sama dabbare-dabbare ne, ruwan ƙasa da toka, da farin tabo a can ƙarshe. Ɗan gidan kuwa launin busasshen kara ne, da siririn layi mai duhu da ya bi tsawon fiffiken, kuma wanda ya kwana biyu a bokiti ya goge, sai an kai shi ɗakin bincike an buɗe cikinsa kafin a tabbatar ko wane ne.